Na sha maganin ƙurajen fuska, ashe ina da ciki

Assalamu alaikum Tanti. Daga Yamai nake rubuto miki. Shekaruna 24, aurena bai cika shekara ba. Tun ina lise nake fama da ƙurajen fuska, irin manyan nan masu zafi da ke barin tabo. Kafin bikina na je wurin likitan fata, ya rubuta mini wani kafso mai suna Curacné. Ya tambaye ni ko ina da aure, na ce a'a, duk da haka ya sa aka yi mini gwajin ciki, ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in ɗauki ciki ina shan sa. Na sha wata 3, fuskata ta yi sumul, na bari saboda tsada.

Bayan biki ƙurajen suka dawo fiye da da. Lokacin ina shafa man haɗi da mai gyaran jiki ta ba ni, har yau ma ina shafawa. Ban koma wa likitan ba, sai na ɗauki tsohuwar ordonansi, wato takardar maganin da ya rubuta mini, na je wata farmasi, suka ba ni. A raina na ce ai in na ga ɓatan wata sai in daina. Wata ƙawata ta ƙara mini da doksisikilin, ta ce ita shi ya yi mata aiki, da wani man shafawa na dare, Différine.

Yau sati 7 rabona da al'ada. Kwana 4 da suka wuce na yi gwaji, ciki ne. Tun ranar na ajiye ƙwayoyin. Na duba kwalin na ga hoton mace mai ciki an ja masa layi, na shiga intanet na ga hotunan da suka hana ni barci. Maigidana ya san da cikin, yana ta murna, har ya kira Hajiyarsa a Tawa ya faɗa mata, amma bai san da maganin ba. Ƙawar tawa ta ce in yi ta shan madara da ruwan tsamiya su wanke maganin, in kuma tsoro ya yi mini yawa ta san wadda za ta ba ni abin da cikin zai fita a ce ɓari ne. Tanti, ɗana zai zo lafiya? In faɗa wa mijina ko in yi shiru in bar wa Allah?

Amarya, Yamai

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya yaye miki wannan damuwa.

Ajiye ƙwayoyin da kika yi daidai ne, kada ki ƙara kai ko guda ɗaya baki. Amma kada ki zubar da kwalayen. Ki tattara su duka a leda ɗaya, na kafson, na doksisikilin, bututun man dare, har da robar man haɗin, ki haɗa da tsohuwar ordonansin. Ki samu takarda ki rubuta ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ranar da kika koma shan kafson, ranar da kika daina, da ƙwaya nawa kike sha a yini. Gobe da safe ki nufi asibiti da su. Gobe nake nufi, kada ki jira sai cikin ya yi ƙwari kamar yadda mata da yawa ke yi kafin su fara zuwa awo. A Yamai, asibitin haihuwa na Matanite Issaka Gazobi shi ne inda ake tura cikin da ke buƙatar kulawa ta musamman, kuma likitan mata kike bukatar gani, ba mai awon yau da kullum kaɗai ba. In kin fara ta ƙaramin asibitin unguwarku, ki faɗa wa ungozoma sunan maganin tun daga bakin ƙofa domin ta tura ki gaba.

Kin tambaye ni ko ɗanki zai zo lafiya. Ba zan ce miki ba komai ba, domin da komai. Haka kuma ba zan ce miki shi ke nan an gama ba, domin ba a gama ba. Bari in shimfiɗa miki abin da likitoci suka sani, ki shiga ofishin likita da saninki.

Sinadarin da ke cikin Curacné sunansa isotiretinoyin, a kwalin za ki ga an rubuta isotrétinoïne. Shi ne kuma a cikin Procuta, Contracné, Acnétrait da Roaccutane, saboda haka duk mai karanta wannan amsa da ke shan ɗaya daga cikinsu, maganar da ita ake yi. A 1982 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Accutane. Magani ne na gaske, yana busar da maiƙon fata daga tushe, yana warkar da ƙurajen da suka gagari komai, shi ya sa duk mai shan sa za ki ga leɓenta na bushewa yana tsagewa. Likitan da ya rubuta miki bai yi kuskure ba, ga irin ƙurajen da kika kwatanta shi ne ya fi aiki. Sai dai yana cikin magungunan da suka fi kowane illa ga ɗan tayi a duk abin da ake sayarwa a farmasi.

Dalilin ya cancanci ki fahimce shi. Isotiretinoyin dangin bitamin A ne. Jikin ɗan tayi yana amfani da wani ɗan ƙanƙanin sinadari daga wannan dangi wajen nuna wa ƙwayoyin halitta inda za su je da abin da za su zama, wannan ya zama kunne, wancan ya zama muƙamuƙi, wancan jijiyar da ke fita daga zuciya. Kamar allin da tela ke zana layi da shi a kan yadi ne kafin ya sa almakashi. In allin ya yi yawa ya dame layin, almakashi sai ya bi inda bai kamata ba. Wannan zane da yanka yawanci a tsakanin sati na 3 da na 8 bayan shigar ciki ake yin sa. Ciki kuma yakan shiga kusan sati 2 bayan fara al'adar ƙarshe, mace ba ta lura da ɓatan wata sai bayan wasu sati 2 ɗin, wata ma ta ƙara jira ko za ta gani. Kafin ta yi gwaji, an riga an yi nisa da aikin.

A nan lissafinki ya karye, ƴata, kuma ba ke kaɗai ke yin sa ba. "In na ga ɓatan wata sai in daina" yana yi wa wasu magunguna daidai. Ga wannan ba ya yi, domin ranar da za ki gani ta zo a makare. Duk matar da ke kwana da miji ba tare da tsarin iyali mai ƙarfi ba, ba ta da halin shan sa ko na sati ɗaya, kuma ba a san wani adadi da za a ce in an tsaya a kansa babu haɗari ba. Bisa kwanakin da kika ba ni, kin sha shi a makonnin farko na wannan lokaci. Dole a ɗauki cikinki a matsayin wanda maganin ya taɓa.

Ga alƙaluman. A kowane ciki a duniya, ko mace ba ta sha komai ba, kusan jarirai 3 cikin 100 sukan zo da wata tawaya ta halitta. In isotiretinoyin ya taɓa cikin a farkonsa, adadin yakan hau zuwa tsakanin 20 da 35 cikin 100. A 1985 wani likita a Amurka, Edward Lammer, da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya fara fayyace abin. A cikin mata 36 da aka bi diddiginsu tun kafin a san yadda cikin zai ƙare, 8 sun yi ɓari, 5 sun haifi jarirai masu babbar tawaya, 23 sun haifi jariran da ba a ga irin wannan tawaya a jikinsu ba. Ki karanta adadin nan na ƙarshe da kyau, domin hotunan da kika gani a intanet ba sa nuna miki su. Mafi yawan jariran da suka zo duniya sun zo da siffarsu. Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye miki ba: da aka ci gaba da bin irin waɗannan yara har suka isa shiga makaranta, an samu da yawa daga cikinsu, har da waɗanda ba a ga komai a jikinsu ba, suna da jinkiri wajen koyo da fahimta. Likitoci sukan ba da adadin tsakanin 30 da 60 cikin 100, wani mai sauƙi wani mai nauyi.

Inda illar ta fi faɗawa sananne ne. Kunne yakan zo ƙarami ko babu shi, wani lokaci da matsalar ji. Muƙamuƙi yakan ƙanƙance, ganda takan tsage. Manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya sukan ƙi zama a mazauninsu. Ruwa yakan taru a kai. Akwai kuma wata ƴar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji da ke horar da garkuwar jikin yaro, ita ma takan taɓu. Na lissafa miki su ne don ki san abin da likita zai nema a hoto. Daga yau ki daina binciken hotuna a waya da tsakar dare. Waɗanda ake sakawa su ne mafi muni, kuma babu ɗan wata a cikinsu da zai gaya miki halin naki.

Maganar madara da tsamiya ki bar ta. Babu abin sha, babu jiƙo, babu ƙarin ruwa a asibiti da ke wanke wannan magani ko ya mayar da abin da ya riga ya faru. Jiki da kansa yake fitar da shi, mafi yawansa yakan fita cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa aka ce mace ta jira wata guda cur bayan ƙwayar ƙarshe kafin ta ɗauki ciki. Wata guda ya isa. Wadda ta sha shi bara ta daina, ta samu ciki bana, ta kwantar da hankalinta, shan da kika yi kafin biki ma ba shi ne abin dubawa ba. Wanda ke daɗewa a jiki wani ɗan'uwansa ne, Soriatane, da ake bayarwa don wata cutar fata daban, shi sai an jira shekara 3. Abin da za ki iya yi yanzu shi ne kada ki ƙara wa jikinki bitamin A. Kada ki sayi ƙwayoyin ƙarin kuzari da kanki, ki rage cin hanta domin tana ɗauke da shi da yawa. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ki sha ta kullum, tana da amfaninta, amma ba makarin wannan magani ba ce.

Sauran biyun ba su kai kafson nauyi ba. Doksisikilin illarsa da aka fi sani ita ce ɓata launin haƙoran yaro, kuma hakan yakan faru ne in an sha shi daga wajen wata na 4 zuwa sama. Ke kin daina tun da wuri. Abin da ya fi damuna da shi ke ce: ba a haɗa shi da isotiretinoyin, domin haɗin yana iya sa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya yi matsi. In kina jin ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ganinki na dishewa, ko kina ganin abu ɗaya ya zama biyu, kada ki ce laulayi ne, ki faɗa wa likita a ranar. Différine kuwa dangin kafson ne, amma abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai. An hana masu ciki shafa shi don kiyayewa, kuma matan da suka shafa shi a rashin sani yawanci ba a ga ƙarin haɗari a cikinsu ba. Ki ajiye shi kawai.

Man haɗin nan ina so mu tsaya a kansa, domin ina kyautata zaton shi ya dawo miki da ƙurajen. Yawancin abin da ake dama wa amare don su yi haske yana ɗauke da kortikoyid mai ƙarfi, irin wanda ke cikin Dermovate da Diprosone, magungunan da aka yi don cutar fata na ɗan lokaci. Makonnin farko fata takan yi haske ta yi santsi, daga nan sai ƙuraje su feso, fata ta yi siriri, nankarwa ta fito. Mace ta ga ƙuraje ta ƙara shafawa, abin ya ƙara gaba. Wasu haɗin kuma akwai haidirokinon a ciki, sinadarin sa fata haske, wanda kaso mai yawa daga cikinsa ke shiga jini, wasu har da sinadarin makuri mai cutar da ƙoda da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Wani bincike da aka fitar a 2007 a kan masu ciki a Dakar ya samu cewa masu shafa kortikoyid mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi. Dole ki rabu da shi. Amma in kin yi watanni kina shafe duk jiki da shi, ki nuna wa likita ya tsara miki yadda za ki janye a hankali, domin yankewa farat ɗaya yana iya sa jiki ya rikice, fuska kuma ta yi bore.

A gaban likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗi komai yadda kika faɗa mini, har da tsohuwar ordonansi. Wataƙila ya yi faɗa. Ki daure, faɗan minti biyar ne, abin da kike nema a wurinsa ya fi shi. Zai fara da hoton ciki don ya tabbatar cikin yana mazauninsa, zuciya na bugawa, ya kuma ƙidaya makonninsa daidai, domin ana iya samun cikin bai kai yadda kike zato ba. Wannan hoton na farko ba zai nuna tawaya ba, kada ki ji an ce lafiya lau ki ɗauka magana ta ƙare. Za a sake wani wajen sati na 12, sannan babban wanda ake bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, yawanci tsakanin sati na 20 da na 22. Ki roƙa a tura ki wurin wanda ya ƙware a wannan hoton, a rubuta masa sunan maganin a takarda don ya san inda zai zuba ido, zuciya da kai da fuska. Hoto yana kama manyan matsaloli da yawa, amma ba ya ganin ji, ba ya ganin yadda yaro zai koyi karatu. Ko ya fito da kyau, bayan haihuwa a duba zuciyar jaririn da kunnuwansa, a ci gaba da lura da zamansa, tafiyarsa da maganarsa. Yaron da aka gano jinkirinsa da wuri ya fi samun taimako. Kafin nan, in kin ga jini ko mara ta murɗa miki sosai, ki tafi matanite ko da tsakar dare ne. Ɓari na iya zuwa da kansa a irin wannan ciki, in ya zo ba wani abu kika ƙara yi ba.

Matar da ƙawarki ta ce za ta kai ki wurinta, kada ƙafarki ta taka gidanta. Abin da ake bayarwa a ɗaki a ɓoye shi ke kai mata matanite jini na zuba ba tsayawa, wata ta rasa mahaifa, wata ta rasa rai, a bar miji da dangi suna tambayar abin da ya faru. Na san abin da ke ranki, kuma ba zan yi kamar tambayar ba ta nan ba. Dokar lafiyar haihuwa ta Nijar ta 2006 ta yarda a katse ciki a hali biyu, in ci gabansa zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko in an tabbatar ɗan da ke ciki yana ɗauke da cuta mai tsananin gaske, kuma ayarin likitoci ne ke yanke hakan. Ta fuskar addini, mazhabar Malikiyya da muke bi tana da tsanani a kan zubar da ciki tun daga farkonsa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, kuwa, a zamanta na Makka a 1990, ta ba da dama kafin cikar kwana 120 in amintattun likitoci sun tabbatar da mummunar tawaya marar magani, kuma iyaye biyu sun nema. Kwana 120 daga shigar ciki ya yi daidai da kusan sati 19 a lissafin asibiti, wato kafin lokacin da aka saba yin babban hoto. Wannan ma dalili ne na zuwa da wuri, don likita ya san ko zai matso da hoton. Fatawa ta malami ce, ku same shi ke da maigidanki da takardun likita a hannu. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki yanke wannan hukunci ke kaɗai, cikin dare, da tsoro.

Shi ya kawo mu ga maigidanki. Ki faɗa masa, yau in zai yiwu. Ɗansa ne, za a yi ta zuwa asibiti, za a kashe kuɗin hoto, wataƙila a zo wurin da sai da sa hannunsa. Shirun da kike tunani ba zai tsaya a wata 9 ba. In yaron ya zo da matsala za ki riƙe sirrin har tsufa kina kallonsa, in kuma maganar ta fito ta bakin ƙawarki ko ta takardar asibiti, ɓoyewar za ta fi maganin yi masa ciwo. Ki bari ya ci abinci ya huta, ku biyu kaɗai, ki ajiye kwalin a gabansa ki ce: "Kafin in san ina da ciki na sha wannan maganin ƙuraje, na gano yana iya cutar da jariri, na daina, ina so ka raka ni wurin likita gobe." Kada ki tsaya dogon bayani, likita zai yi. Yana iya yin shiru, yana iya yin fushi. Ki ba shi lokaci, labarin da ya hana ki barci kwana 4 shi yanzu yake jin sa. In kina tsoron fushinsa zai wuce magana, ki kira yayarki ko innarki ta zauna kusa. Hajiya ta Tawa kuwa ba lallai ta ji yanzu ba. Ku biyu ku fara sanin inda kuka tsaya, sannan ku zaɓi wanda za ku faɗa wa. Bar wa Allah da kika ce, ai duk muna bar masa, amma wanda ya ce a dogara gare shi shi ya ce a nemi magani. Ki yi addu'arki a kan hanyar asibiti.

Na ji yadda kike ɗora wa kanki laifi tsakanin layukan wasiƙarki. An gargaɗe ki, gaskiya ne, kuma kin koma shan magani ba da sanin likita ba. Amma ba ki yi don ki cutar da kowa ba, kin yi ne da fahimtar da ta gaza, kuma akwai wanda aikinsa ne ya tare ki bai tare ki ba. Wannan magani ba a miƙa shi a kan tsohuwar takarda. A Faransa, inda irin kwalin da ke hannunki ya fito, tun 2015 likitan fata kaɗai ke da ikon fara rubuta shi. Ba a ba mace fiye da na kwana 30, kowane wata sai ta kawo gwajin ciki da bai wuce kwana 3 ba, in takardar ta haura kwana 7 farmasi ba ta bayarwa, kuma sai tana kan tsarin iyali wata guda kafin ta fara har wata guda bayan ta gama. A Amurka tun 2006 akwai rajista mai suna iPLEDGE, likita da mai farmasi da mai shan maganin duk sai sun shiga kafin ƙwaya ta fita. Ba don wasa suka ɗaura wa kansu wannan wahala ba, jarirai ne suka gani. Mai farmasin da ya kalli matashiya da lalle a hannu da takardar da ta daɗe, ya miƙa mata bai tambaye ta komai ba, ya ci amanar aikinsa. Haka kuma ina jin zafin yadda muke matsa wa amare, a ce sai fuska ta yi kamar madubi, sai fata ta canza launi kafin a kai yarinya ɗakinta, har ta gwammace ta haɗiyi abin da ba ta sani ba da a gan ta da ƙurji. In damuwar ta kai ki ga daina cin abinci, ko kuka ba tsayawa, ko tunanin cutar da kanki, ki faɗa wa likita wannan ma, domin an sha danganta maganin kansa da baƙin ciki mai nauyi.

Ƙurajen za su iya ƙaruwa a watannin nan, ciki na tayar da su, janye man haɗi ma haka. Akwai abin da mai ciki ke iya shafawa da izinin likitan fata, kuma akwai sashen fata a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai in ba ki son koma wa na farko, ko da yake shi ya fi sanin fatarki. Skinoren yana rage ƙuraje yana kuma dusar da baƙin tabo a hankali. Cutacnyl yana aiki, sai dai yana cin launin mayafi da rigar filo, ki yi amfani da fari. Akwai kuma eritiromisin na shafawa, in abin ya yi tsanani likita na da na sha da ya dace da ciki. Ki wanke fuska sau 2 a yini da sabulu marar ƙarfi, ki bar matsa su, ki bar lemun tsami da man goge baki da ake cewa a ɗiga a kai, ƙona fata suke yi su bar tabon da ya fi ƙurjin daɗewa. Mai mai kauri da hoda mai nauyi su ma ki rage.

Ragowar kafson, bayan likita ya gani, ki bar shi a can ko ki mayar farmasi. Kada ki ba ƙanwa, kada ki ba ƙawa, kada ki ajiye don bayan haihuwa, domin ba a shan sa ana shayarwa. Kada kuma ki ba da jini sai wata guda ya cika daga ƙwayar ƙarshe, jinin na iya faɗawa jikin wata mai ciki. In kin yaye kuma ƙurajen suka sa dole a koma masa, sai da sabuwar takarda, da yardar maigidanki a kan tsarin iyali mai ƙarfi irin ashanar hannu ko robar mahaifa, da gwajin ciki kowane wata. Ki tambayi ƙawar taki ita ma me take sha yanzu, ki karanta mata sunayen nan da na lissafa. Ki sake rubuto mini bayan hoton farko, ki gaya mini sati nawa aka ce cikin ya yi da abin da likita ya tsara.

Tanti